Durƙuso Arba'in da Biyar

Shekarun baya, tun ina 'yar budurwa a gidanmu na Ƙofar Dundaye, wata ranar Laraba, daidai lokacin da ladan ya buɗe baki zai kira la'asar, na ɗauki buta na wanke fuskar allona. Daga wannan wankin al'amura suka fara karkace mini, ko da yake ban gane haka ba sai safiyar Asabar. Kun sha tambayata yadda aka yi littafin hisabin nan da nake karanta muku ya kasance da rubutun hannuna tun daga bismilla har addu'ar ƙarshe. To, saura kaɗan da ba ni ce na rubuta shi ba, kuma da hakan ta faru, da yau ba ku san shi ba. Ku gyara zama.

A wancan lokaci ina karatu wurin wata malama, gida huɗu ne tsakaninmu da ita. Mata ne zalla, muna zama a rumfar tsakar gidanta. Wurina can ƙarshen tabarma, jikin randa, inda ba a cika waiwayowa ba. In Malama ta yi tambaya, ko na san amsa sai in bari wata ta faɗi kuskure, ni kuma in gyara mata a zuciyata. Abu biyu aka san ni da su. Na farko kyan rubutu. Na biyu durƙuso. Tun ina ƙarama na gano cewa in mutum ya durƙusa ya sunkuyar da kai, ba sai ya kalli fuskar kowa ba, kuma ba mai tsammanin doguwar magana daga gare shi. Sai na mai da abin ɗabi'a: duk wanda na gamu da shi, sai ƙasa. Na taɓa cin karo da mutum a zaurenmu, na zube na yi gaisuwa cikakkiya har da tambayar gajiya, sai da na ji ana ƙyalƙyala dariya a kaina na gane ƙanwata ce, wadda na goya a bayana. Mutanen unguwa suna yaba ladabina. Ni na san ba ladabi ba ne, gudu nake yi a durƙushe.

A shekarar wani malami baƙo ya sauka a gidan su Malama, yana jiran ayarin da zai bi zuwa gabas. A gafakarsa akwai littafin hisabi wanda ba a taɓa ganin irinsa a unguwarmu ba. Ya yarda a juya shi, wato a rubuta wani kamarsa, muddin za a gama kafin ayari ya tashi. Takardar da ke gidan kuwa ba ta wuce ta littafi ɗaya ba. Maigidan Malama yana so ya ba wani ɗalibinsa na zaure mai saurin hannu. Malama ta san in aka rubuta shi a zaure, a zaure zai zauna, mu na cikin gida sai dai mu ji labarinsa. Ta ce ita ma tana da mai rubutu. Suka tsaya a kan cewa in hantsin Asabar ya yi ba ta kawo wadda ta amince da ita ba, littafi ya tafi zaure.

Ranar Laraban nan bayan azahar, da aka tashi, ta ce in tsaya. Na shiga laluben laifin da na yi. Ta bayyana mini zancen littafin, sannan ta ce, "Rubutunki ba ni da shakka a kansa. Amma mai juya littafin hisabi, in bai gane abin da hannunsa ke yi ba, sai ya mai da bakwai takwas ya wuce, ransa bai gaya masa komai ba. Ɗauki alƙalami."

Ta faɗa a hankali ina rubutawa. Wasu mata 'yan dangi ɗaya suka taru a gidan suna, babu biyu a cikinsu da suke sa'o'in juna. Kowace da kowace sun gaisa, babu wadda ta tsallake wata, babu kuma waɗanda suka maimaita. Wata maƙwabciya tana leƙe ta kan katanga da ƙoƙo a hannu, duk durƙuson da ta gani sai ta jefa ƙwayar wake ɗaya. Da aka gama ta ƙirga, wake arba'in da biyar. Mata nawa ne a gidan sunan?

Ta ce ina iya tambayar duk wanda na ga dama, hisabi ba sirri ba ne, amma in zo mata da adadi ɗaya da dalilinsa kafin hantsin Asabar. Na durƙusa na fita. A hanya kuwa har ina jin ƙamshin takardar a hancina.

Da na isa gida na shige ɗaki. Labarin ya cinye fuskar allo ɗaya gaba ɗaya, ɗaya fuskar kuma darasin da ban biya ba ne, ba halin wankewa. Dama Malama ta ɗan koya mana wata ƙa'ida: abin da ba ka san yawansa ba, ka sa masa suna "abu", ka yi ta hulɗa da shi kamar ka san shi har ya bayyana kansa. Na ce to, matan nan su ne abu. Kowace mace za ta durƙusa wa kowa ban da kanta, wato abu ba ɗaya. Saboda haka abu, in aka ninka shi da abu ba ɗaya, zai ba da arba'in da biyar. Na rubuta wannan a 'yar kusurwa da ƙananan baƙaƙe, na dube shi, ya yi mini kyau ƙwarai. Sauran kuwa, dangi, da gidan suna, da zancen sa'o'i, da maƙwabciya mai leƙe, na ɗauka ado ne Malama ta yi wa tambayar, irin yadda ake zuba sha'ani a cikin tatsuniya. Ina buƙatar wurin aiki. Ladan na fara kira, na zuba musu ruwa, suka bi tawada suka gangara cikin ƙwarya.

Na yi sallah na zauna, ina ganin kafin magariba na gama. Na fara daga ƙasa don kada in tsallake komai. Mata biyu, durƙuso biyu. Uku, shida. Huɗu, goma sha biyu. Biyar, ashirin. Shida, talatin. Bakwai sau shida, arba'in da biyu. Na ce madalla, an kusa. Takwas sau bakwai, hamsin da shida.

Na tsaya. Na sake bi daga farko. Arba'in da biyu, hamsin da shida. Arba'in da biyar tana tsakiya, ba ta wannan ba ta wancan. Na fita tsakar gida na share ƙasa da tafin hannu, na jera tsakuwa bakwai, na ja layi daga kowace zuwa kowace, na zuwa daban na dawowa daban, na ƙirga layukan da tsinke. Arba'in da biyu, saura uku ba masu su. Na ƙara tsakuwa ɗaya, sai wake ya kasa da goma sha ɗaya. Mahaifiyata ta wuce da faifai, ta tsallake tsakuwoyina. Ta saba.

Alhamis ba makaranta, don haka na wuni a kai. Da safe na lura da wani abin da ya ƙara dagula mini lissafi: duk adadin da ya fito mini yana rabuwa biyu ba saura, arba'in da biyar kuwa ba ta rabuwa. Ke nan ko zan ƙirga har mata dubu, ba za ta taɓa fitowa ba. Maimakon wannan ya sa in koma in binciki mafarina, sai ya sa na fara zargin mutanen cikin labarin. Na ce ko wata ta zo a makare, ta gaida uku ta juya. Na tuna an ce ba wadda ta tsallake wata. Na ce ko uku sun maimaita. An ce ba a maimaita ba. Na ce ko maƙwabciyar ce wake uku suka suɓuce mata daga hannu. Har haushinta na ji, matar da ba ta wanzu ba: me ya kai ta leƙen gidan mutane?

Da hakan ya ƙi, na ɗauko babbar ƙa'idar da Malama ta koya mana don irin wannan. A ɗauki rabin ɗaya, a ninka shi da kansa, ya zama rubu'i. A ƙara rubu'in a kan adadin da ke hannu. A nemi tushensa, wato abin da in aka ninka shi da kansa zai ba da shi. Sannan a ƙara rabi, amsa ta fito. Na bi ta daki-daki. Arba'in da biyar da rubu'i. Shida da rabi ya yi masa kaɗan, bakwai ya yi masa yawa. Na yi ta gutsura ina matsawa har allo ya cika, na wanke, ya sake cika. Abin da na samu a ƙarshe shi ne: mata bakwai, da abin da ya kusa rubu'in mace.

Da rana ƙawata ta zo yi mini kitso. Tare muke karatu, amma ita a gaban tabarma take zama, kuma bakinta ba ya hutawa. Ina zaune tsakanin gwiwoyinta ina zane a ƙasa da yatsa, tana ta miƙar mini da kai. Da ta gaji ta tambayi abin da nake binnewa a ƙasan. Na gaya mata a taƙaice: mata ne suka taru, kowace ta durƙusa wa kowace, aka sami arba'in da biyar, ni kuma na sami mata bakwai da rubu'i.

"To ai da sauƙi," in ji ta. "Rubu'in nan gwiwoyi ne. Matar ba ta sami zuwa ba, ta aiko su su wakilce ta."

Na ce mata ba wasa nake ba.

"Ni ma ba wasa nake ba. Kowace ta durƙusa wa kowace? Danginki ne ke nan. Gida cike da irinki, ai sai jaririn ya fara tafiya ba a gama gaisuwa ba."

Ta yi dariya har ta saki tufkar da ke hannunta. Sannan ta ce in ba ta labarin yadda Malama ta faɗe shi, ita labari take so. Na ce labarin ba shi da amfani, na riga na tace abin da ake buƙata. Ta ja gashina ta ce to in ci gaba da tacewa. Yau in na tuna da wannan zama sai in ji kunya ta rufe ni. Amsa ta zo har bisa kaina tana yi mini kitso, na ce mata ba wasa nake ba.

Bayan la'asar mahaifina ya dawo daga kasuwa. Fataucin tufafi yake yi, kuma a unguwarmu in ƙidaya ta rikice shi ake nema, don yakan duba tulin sawaye, wato ƙyallayen saƙi, ya faɗi yawansu kafin mai su ya gama lissafi da yatsu. Na daɗe ina kai-kawo a ƙofar ɗakinsa kafin na yi sallama. Da yake shi namiji ne, na ga bai dace in dame shi da zancen gidan suna ba, sai na ba shi ƙashin tambayar kawai. Na ce, wane adadi ne in aka ninka shi da wanda ke ƙasa da shi da ɗaya zai ba da arba'in da biyar?

Ya ajiye ludayin furarsa, ya motsa leɓe kaɗan, ya ce babu. Na ce a sake dubawa, Baba. Ya ce ko shekara zai yi yana dubawa babu. "Wanda ya ba ki wanga tuntuɓen harshe ya yi. Arba'in da biyu ya so ya ce. Ki ce masa bakwai."

Na fito da kaya mafi nauyi fiye da wanda na shiga da shi. Yanzu ke nan sai in je gaban Malama, matar da ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarta sosai ba, in ce mata ta yi kuskure. Na gwada faɗa wa bangon ɗakinmu. "Allah gafarta Malama, ko dai arba'in da biyu..." Ko bangon ban iya ƙarasa wa ba. Kuma can cikin raina na san Malama ba ta tuntuɓen harshe a kan adadi. Ita ce mai cewa a mai da bakwai takwas laifi ne.

Ranar Juma'a gwaggona ta zo daga Wamakko da shinkafa da busasshen kifi. Jin ta zo ya sa matar kawuna ta shigo, yayata ma da ke aure a wata unguwa ta zo, bayan maza sun tafi masallaci. Da mahaifiyata su huɗu ke nan, daga gidaje huɗu, kowace dole ta gaida kowace. Na ce Allah ya kawo mini gwaji har gida. Na ɗebo wake da ƙoƙo kamar maƙwabciyar labarin. Sai dai ita ta hau katanga ta leƙa, ni kuwa ba zan iya tsayawa ina kallon manya ba. Na zauna a ɗaki bayan asabari, na juya baya, na kasa kunne. Duk muryar da na ji ta ɗauki gaisuwa zuwa ga wata, sai in jefa wake. Gwaggo ta tambayi Inna gida, Inna ta tambayi gwaggo hanya. Yaya ta gaida matar kawu, matar kawu ta tambaye ta maigida. Da suka lafa na zazzage ƙoƙo. Goma sha biyu cif. Huɗu sau uku.

Na zauna ina kallon waken nan, ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Hanyata daidai ce, ga shaida a tafin hannuna. In hanyata daidai ce, Malama ta yi kuskure. Malama kuma ba ta kuskure. Duk inda na juya sai in dawo nan.

Ina cikin haka aka ƙwala mini kira in kawo ruwa. Na fito da ƙwarya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zubewa, kaina a ƙasa. Abin da na gani a taron nan kaf shi ne ƙafafu takwas, shida da lalle, biyu da ƙurar Wamakko. Gwaggo ta ce, "Wagga har yanzu ƙasa take gaisarwa? Ɗago in ga ko hancinki na nan." Suka yi dariya, na koma ɗaki da sauri. Na yi shekara goma sha wani abu ina halartar gaisuwa, ban taɓa ganin yadda take daga idon sawu zuwa sama ba.

Asabar, bayan sallar asuba, na yi shiri. Na ɗaura zane, na yafa mayafi, na ɗauki allo. Na ce zan je in ce bakwai. Da na kai bakin zaure na ce a'a, zan je in ce na kasa. Da na taka dakali na ce gara in aika a ce ba ni da lafiya. Sai na dawo tsakar gida na zauna a kan turmi da mayafina da komai. Rana ta fara taɓa saman katanga. In ta sauko ta kai bakin rumbu, hantsi ya yi, littafi ya tafi zaure.

Mahaifiyata tana gefe tana gurzar auduga a kan magurji, angurya tana taruwa a gabanta. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, iyakarta surorin sallah da abin da ya wajaba. Shi ya sa a kwana ukun nan ban ko yi tunanin tambayarta ba. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kwana uku kina zuba mani tsakuwa a hanya. Mi anka ce ki nemo?"

Na fara karanto mata abin da ke kusurwar allo, abu in aka ninka shi da abu ba ɗaya. Ta katse ni. Ta ce ita ba ta san wani abu ba ɗaya ba, in gaya mata abin da matar ta faɗi, yadda ta faɗe shi. Na ce na wanke. Ta ce ta san ni, abin da na rubuta sau ɗaya ba ya fita kaina.

Gaskiyarta. Na rufe ido na karanto, kamar mai biya hadda. Mata 'yan dangi ɗaya, gidan suna, babu biyu a cikinsu da suke sa'o'in juna. Nan ƙarar ƙarfen gurza ta tsaya. Na ci gaba har ƙarshe. Ta tambayi yadda na yi lissafina. Na ce ai a fili yake, kowace za ta durƙusa wa duk sauran.

Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya sa riga a bai-bai ya fito taro. Sannan ta ce, "Ke ɗiyata. Tun da na haihe ki, kin taɓa ganin na durƙusa maki?"

Ji na yi kamar an ɗage asabarin da na shekara goma ina zaune a bayansa. Mutum biyu in sun gaisa, baki biyu ne ke magana, amma gwiwa ta mutum ɗaya ce ke taɓa ƙasa, ta ƙarami. Don haka Malama ta ce babu sa'o'i, don kowane biyu a sami babba da ƙarama. Don haka ta ce maƙwabciyar gani take yi, ba saurare ba. Duk abin da na kira ado na zuba wa ruwa, shi ne tambayar. Duk yarinyar da ke tallan fura a Ƙofar Dundaye ta san abin da na kwana uku ban sani ba, don ita tana ɗaga kai.

Wannan ne dalilin da ya sa har yau ba na barinku ku wanke kalmomin tambaya kafin ku gama aiki, ko da allo zai cika ku koma rubutu a ƙasa. Kuna cewa ina da tsanani. Ba tsanani ba ne, tsohon ciwo ne. Ƙa'idar da na bi ba ta yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da na ba ta shi ta dafa mini, na ba ta gida cike da irina, ta miƙo mini rubu'in mace. Na tambayi mutum biyu masu kaifin kai, amma kowannensu kuskurena na kai masa, ba tambayar Malama ba. Littafin dai kun san ya zauna a cikin gida, ga shi nan a gabanku. Kwana talatin da 'yan kai na yi ina rubuta shi a rumfar nan jikin randa, na gama ana ɗaura wa jakunan ayari kaya. Kunyar kuma ba ta sake ni ba har tsufana, sai dai na koyi ɗaga ido in ga wanda ke gabana kafin in zube.

Amma a safiyar nan ruɗewata ba ta ƙare ba tukuna.

Mahaifiyata ta ƙirgo angurya arba'in da biyar daga tulin gabanta, ta ware su gefe. Ta ɗauki allin da take shafa wa yatsa in tana kaɗi, ta shiga jan layuka a daɓe, kowane layi mace ɗaya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rabon tuwo. Ni kuwa na riga na bar ta, na koma cikin kaina. In durƙuso ɗaya ne a kowace gaisuwa, to abin da na yi ta ƙirgawa ninki biyu ne na abin da maƙwabciya ta gani. Ke nan ba arba'in da biyar zan ba ƙa'ida ba, casa'in zan ba ta. Casa'in da rubu'i. Na nemi tushensa a kan allo. Tara da rabi, ya zauna daram, ba gutsure ba saura. A ƙara rabi. Goma.

Na buɗe baki zan faɗa, sai idona ya sauka a kan daɓe. Ta gama rabo. Layi mai angurya ɗaya, na ƙasa da shi biyu, sai uku, sai huɗu, suna ta faɗi kamar matakala, na ƙarshe yana da tara, tulin kuma ya ƙare ƙaf ba ko ƙwaya. Na sa yatsa na ƙirga jerin anguryar daga ƙasa zuwa sama. Tara. Na sake ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa. Tara.

Goma a allo, tara a ƙasa. Na waiwaya, rana ta sauko rabin katanga. Na ce, "Inna, ƙa'ida ta ce goma, naki kuma tara ne. Wanne zan kai mata?"

Ta kama yatsana da hannunta mai ƙurar auduga, ta ja shi can sama da jerin farko, ta ɗora shi a kan wani layin alli da ba komai a kansa, wanda na tsallake sau biyu don ban ga angurya ba.

"Wagga ita ce babbarsu. Ba ta durƙusa ma kowa, amma tana nan zaune, ita anka zo gaisarwa. Sa ta cikin ƙidaya, ga su nan su goma. Tashi ki kai mata tun rana ba ta kai rumbu ba. In kuma kin gamu da ƙanwarki a zaure, ki tsaya a kan ƙafafunki."